Bokiti mai juya mofa, tsumma mai launi huɗu da kwandon shara mai gida biyu: wanne ya cancanci a saya?

Kamfanoni da dama yanzu suna haɗa kaya uku su sayar a dunƙule da sunan kayan tsaftar gida: bokiti mai feda wanda ke matse mofa ta hanyar juyi, tsummokin maikrofaiba guda 12 masu launi huɗu, da kwandon shara mai gida biyu don a raba abin zubarwa da abin da za a sake sarrafawa. Sunan kamfani yakan bambanta amma ƙirar kusan ɗaya ce, don haka wannan sharhi a kan ƙirar yake. Ma'aunin da muka ɗauka na mai aikin goge-goge a gidajen mutane ne, wanda zai riƙe kayan nan awa huɗu ko biyar a yini, kuma shi zai zo ya tarar da su yadda mutanen gida suka bar su.

Hukuncinmu tun daga farko: tsumman, wanda ya fi kama da gyara a cikin kayan, shi ne ya fi sauran amfani nesa ba kusa ba. Bokitin yana hutar da hannu da ƙugu, amma bai magance matsalar dattin ruwa ba. Kwandon shara kuwa akwai kuskure a ƙirarsa, kuma ko da babu kuskuren, ba zai yi aiki ba sai mutanen gida sun sauya hali.

Tsumman

Maikrofaiba zare ne na roba mai tsananin siranta. Ana kiran zare da wannan suna idan bai kai diniya 1 ba, wato idan tsawon mita 9,000 nasa bai kai nauyin giram 1 ba. Wanda ake yi don goge-goge yawanci haɗin foliyesta ne kashi 80 da nailan kashi 20, ko 70 da 30. A masana'anta ake tsattsaga kowane zare ya zama 'yan siraran tsinkaye masu kaifin gefe, da ƙananan ramuka a tsakaninsu. Gefen shi ke kankare datti, ramukan su riƙe shi. Tsohuwar riga ta auduga tana tura ƙura da maiƙo gaba ne, ta bar sawu a kan madubi. Wannan kuwa ɗauke su yake yi.

Sai dai ba duk abin da aka rubuta wa maikrofaiba ba ne aka tsaga zarensa. Akwai gwaji biyu masu sauƙi. A shafa shi a busasshen tafin hannu: mai kyau zai riƙa kama fata kamar yana da ƙananan ƙaya, maras kyau kuma zai zame sumul. Sannan a ɗiga ruwa a kan teburi a tura tsumman a hankali: mai kyau zai zuƙe ruwan, ɗayan zai kora shi gaba. A duba nauyinsa ma. Ana auna shi da giram a kowace murabba'in mita, kuma na aikin yau da kullum ya kamata ya kai wajen 250 zuwa 300. Da yawa daga cikin waɗanda ake cusawa a irin wannan haɗi ba su kai haka ba, girmansu kuma santimita 30 ne kowane gefe. Mai santimita 40 ya fi, saboda dalilin da ke tafe.

Mai aikin da ya san hannunsa ba ya dunƙule tsumma. Ninka shi yake yi biyu, ya sake ninkawa biyu, sai ya samu fuska takwas: huɗu a gaba, huɗu a baya. Ya goge teburi da fuska ɗaya, ya juya, ya goge hannun ƙofa da wata. Idan takwas ɗin sun ƙare, tsumman ya tafi jakar wanki, a ɗauko sabo. Ba a mayar da shi cikin ruwa a ɗauraye a ci gaba, domin tun daga ɗauraya ta biyu ruwan ya zama romon datti. Ƙaramin tsumma idan an ninka shi huɗu ba ya rufe tafin hannu, yatsu suna taɓa wurin da ake gogewa, shi ya sa muka fi son babba. Kuma da ɗan danshi yake aiki. Idan an jiƙa shi sharkaf, ramukan sun cika da ruwa, babu wurin da datti zai shiga.

Maganar launi ba ado ba ce. Asalinta daga asibitoci da manyan kamfanonin shara ne. A tsarin da hukumar lafiyar Ingila ta daidaita wa asibitocinta a 2007, ja na banɗaki ne da wurin wanka, shuɗi na ɗakuna da sauran wurare, kore na wurin abinci, rawaya kuma na ɗakin da aka keɓe mai cuta mai yaɗuwa. A gida ana iya bin wannan da ɗan gyara: ja ga masai da ƙasan da ke kewaye da shi kaɗai, rawaya ga wurin wanke hannu da famfo da tayil na bangon banɗaki, kore ga kicin, shuɗi ga falo da ɗakunan kwana. Idan wani ya kwanta da gudawa ko amai, a ware masa nasa daban har ya warke. Abin da ke rusa tsarin kullum abu ɗaya ne: mai aiki ya tafi, wani abu ya zube a kicin, wani a gidan ya jawo tsumman da ya fi kusa da hannunsa. Saboda haka kowane launi a rataye shi a ɗakin da yake aiki, jan kuma kada ya taɓa kwana a wajen banɗaki.

Uku-uku na kowane launi bai isa ba. Kicin shi kaɗai yana cin biyu ko uku a yini ɗaya idan ana girki sosai. Da a ce an ba da kore shida, shuɗi huɗu, ja uku, rawaya uku, da rabon ya dace da yadda aiki yake.

Inda tsumman nan ke mutuwa shi ne wajen wanki. Ruwan tausasa tufafi mai ƙamshi shi ne babban makashinsa: yana lulluɓe zaren da wani santsi, ramukan su toshe, tsumma ya koma yana shafa ruwa maimakon ya sha. Idan an haɗa shi da tawul ko wata auduga, zai kwashe burbushin zarensu ya riƙe, gobe ya zazzage shi a kan gilashi. Zafi mai yawa yana lanƙwashe bakin zaren, don haka ba a yi masa guga, ba a goge murhu ko tukunya da shi sai sun huce, ba a sa shi a injin busarwa da zafi mai ƙarfi. A injin wanki, digiri 60 da garin sabulu kaɗan ya wadatar, kamar rabin abin da ake zuba wa tufafi. A hannu kuwa, a jiƙa shi minti 15 a ruwa mai ɗumi da sabulu, a cuɗa, a yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau, a shanya a igiya inda iska ke kaɗawa. Ja a wanke shi shi kaɗai. Wanda aka kula da shi haka yana jure wanki ɗaruruwa, wanda aka yi wa sakaci kuwa wata biyu ya gama yawo.

Akwai aibi guda da ya kamata a faɗa. Zaren roba ne, kuma duk wanki yana zubar da ƙananan burbushin roba da ke bin ruwa su tafi. Idan ya tsufa kuma, haɗin foliyesta da nailan ba ya shiga kwandon sake sarrafawa. Abin da ke rage wannan shi ne a sayi mai kauri wanda zai daɗe, a tara su a wanke gaba ɗaya maimakon ɗaya-ɗaya, wanda ya gaji kuma a mayar da shi na goge takalmi ko ƙafar kujera kafin a jefar.

Abin da aka rubuta a jikin kwali, da abin da bilic ke yi

Kusan kowane kwali yana ɗauke da alƙawarin cewa tsumman yana kawar da ƙwayoyin cuta da ruwa zalla. Rabin gaskiya ce. Yana ɗauke su daga kan teburi, amma ba ya kashe su. Suna nan a jikinsa da ransu, kuma idan aka bar shi a jiƙe a dunƙule, kafin gobe sun ninku. Ga ƙura da sawun yatsa da madubi, ruwa ya isa. Inda ɗanyen nama ya taɓa, ko masai, ko wurin da mara lafiya ya yi amai, sai an bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

A nan ne aka fi tafka kuskure a gidaje. Bilic, wato ruwan kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, ba sabulu ba ne, ba ya narkar da maiƙo, kuma datti yana cinye ƙarfinsa. Sai an fara wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗauraye, sannan a shafa shi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 don goge wurare shi ne kashi 0.1 cikin 100 na kulorin, a bar shi a jiƙe aƙalla minti 1. A duba jikin gorar: idan an rubuta kashi 5, a zuba mililita 20, wato cokalin shayi 4, a cika da ruwa ya kai lita 1. Idan kashi 3.5 ne, mililita 30, cokalin cin abinci 2. Ga jini ko amai mai yawa ana ninka ƙarfin sau biyar: mililita 100 na mai kashi 5 a cikin mililita 900 na ruwa. Ruwan ya zama mai sanyi, domin zafi yana lalata sinadarin ya kuma tayar da tururinsa zuwa hanci. A haɗa na yini ɗaya kawai, wanda ya kwana ya rage ƙarfi. Wanda ya fesa ya goge nan take bai kashe komai ba, wari kawai ya bari.

Kada a taɓa haɗa bilic da wani abu in ba ruwa ba. Da ruwan khal, ko ruwan wanke masai mai asid, yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Da abin da ke da amoniya, kamar wasu ruwan goge gilashi, yana fitar da wata iska mai guba ita ma. Hatsarin ya fi faɗa wa masu aiki, saboda sukan tarar an riga an zuba wani abu a masai ba a gaya musu ba, ko an juye sinadari a gorar ruwan sha babu rubutu. Wanda ya zuba wani abu a masai ya faɗa, mai aiki kuma ya kora ruwa sau ɗaya kafin ya zuba nasa, ya buɗe taga, ya sa safar hannu.

Bilic yana cin nailan da ke cikin tsumman, ya sa shi ya yi rawaya ya rube da wuri. Don haka a ware tsofaffi biyu don aikinsa, a ɗauraye su da zarar an gama. Haɗa ruwan khal da bekin soda da ake yayi kuwa ba shi da hatsari, sai dai kumfar banza ce: ɗaya asid ne, ɗaya kishiyarsa, suna kashe juna su bar ruwan gishiri. Kowanne shi kaɗai ya fi aiki. Khal yana cire farin ɓawon da ruwa ke bari a bakin famfo, amma yana cin marmara da duk dutsen da ke da sinadarin alli, ya dusashe shi har abada.

Wani abu da babu shi a cikin kayan amma yana zaune kusa da koren tsumma shi ne soson wanke-wanke. A 2017 masu bincike a Jamus sun duba soso 14 da aka yi amfani da su a gidaje, suka samu nau'in bakteriya 362, yawansu kuma a wasu wurare ya kai biliyan 54 a cikin ɗan yanki mai girman santimita ɗaya kowane gefe. Shawararsu ita ce a riƙa sauya soso kusan kowane mako. Soson kwano na kwano ne kawai, ba a goge teburi da shi, a matse shi a jingine inda zai bushe.

Bokitin

Sassansa ba su da yawa: bokitin roba, kwando mai huji-huji a gefe ɗaya, feda a ƙasa, sandar mofa mai tsawaita, da kan mofa mai cirewa. Idan an taka fedar, wata sanda mai haƙora tana juya kwandon, ruwan ya fita ta hujin. Amfaninsa a fili yake. Hannu ba ya taɓa dattin ruwa, ba a durƙusawa a murɗa, kuma mai aiki shi ke yanke yawan danshin da yake so. Ga tayil, taku uku ko huɗu ya isa. Ga daɓen katako ko na leminet, wato allunan da aka yi musu kamannin katako, takwas zuwa goma, har sai mofar ta zama kamar tufafin da ya kusa bushewa, saboda ruwa yana shiga mahaɗin allunan ya kumbura su, kuma kumburin ba ya komawa. Wanda ke goge gida uku a yini zai ji bambancin a wuyan hannunsa tun makon farko. A nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Mai kai mai kusurwa uku ya fi mai zagayayyen kai, domin yana shiga lungu da bayan masai. A tsawaita sandar ta kai haɓar mai aiki. Idan ta gaza haka, sunkuyo zai dawo, bayan kuma shi aka sayi bokitin a guje wa.

Lalacewarsa ma sananniya ce. Haƙoran da ke ƙarƙashin feda na roba ne, kuma abu biyu ke cinye su: taku da ƙarfi kamar ana tayar da babur, da yashin da ke gangarawa ya maƙale a tsakaninsu. A taka a hankali, a bar fedar ta dawo da kanta kafin a sake takawa. A riƙe sandar a miƙe, hannu a sake, don kan ya juya tare da kwandon. Idan an danne ta ko an karkata ta, nan ne ake jin ƙara, haƙori ya karye. Kada a cika ruwa ya wuce layin da aka zana, in ba haka ba gindin kwandon zai riƙa taɓa ruwa, mofa ta sake shan abin da ta zubar. Mahaɗin sandar yakan saki bayan 'yan watanni, sandar ta riƙa zamewa tana gajarta. Kafin a saya a tambaya ko ana samun kan mofa na canji shi kaɗai, domin kai yakan gaji cikin wata uku zuwa shida, kuma na wani kamfani ba ya shiga na wani. Bokiti lafiyayye da yawa sun zama shara saboda an rasa kai.

Babban rauninsa shi ne ruwa ɗaya ne. Wanda aka matse daga mofa yana komawa cikin wanda za a sake tsomawa. Bayan ɗaki ɗaya, dattin falo ake shafa wa ɗakin kwana, ƙasa ta bushe da dishi-dishi da ɗan danƙo a tafin ƙafa. Akwai ƙirar da ta raba tankin ruwa mai tsabta da na datti, kuma idan da zaɓi ita za a ɗauka. Wanda ya riga ya sayi mai ruwa ɗaya, ga yadda zai rage ɓarnar. A share ko a zuƙe ƙura tukuna, sosai, har ƙarƙashin kujeru, don mofa ba tsintsiya ba ce, ƙura da ruwa kuma taɓo suke zama. A ajiye bokiti na biyu da ruwan sabulu: a ɗauraye mofa a matse a mai feda, sannan a tsoma a na sabulu, a sake matsewa kaɗan. A sauya ruwan ɗauraya da zarar ba a ganin gindin bokiti. A fara daga ƙuryar ɗaki ana ja da baya zuwa ƙofa, ana jan mofa hagu da dama kamar tafiyar maciji, gefe ɗaya kullum a gaba don ya tattaro abin da ya rage. Banɗaki shi ne na ƙarshe, kuma da nasa kan mofa daban.

Sabulun ƙasa kuma, abin da aka rubuta a gora shi za a bi, yawanci murfi ɗaya ko biyu a lita 5. Mutane suna ƙarawa don ƙamshi, alhali rarar sabulun ce ke bushewa a kan tayil ta zama danƙon da ke kama ƙura. Ƙasan da ke saurin yin datti kwana ɗaya bayan an goge, sau da yawa sabulu ne ya yi mata yawa. A goge ta sau biyu da ruwan ɗumi zalla a ga bambanci.

Ɗabi'ar da ta fi ɓata wa masu aiki rai ita ce a tarar da mofa ta kwana uku a tsome cikin ruwan da aka yi aiki da shi. Warin da ke tashi a gida bayan an goge ƙasa daga nan yake. Minti biyar ne aikin: a zubar da ruwan a masai, ba a wurin wanke kwano ba, a ɗauraye bokiti da kwandonsa a kife, a cire kan mofa a wanke a rataye shi inda zai bushe kafin dare.

Kwandon shara

Jikinsa ƙarfe ne mara tsatsa, da feda biyu ko ɗaya, da bokitan roba biyu a ciki masu cin lita 15 zuwa 20 kowanne. Fedar abu ne mai kyau, domin hannun da ke cikin girki ba ya taɓa murfi. Bokitan da ake zarowa a wanke su ma haka. A nemi wanda sandar da ke ɗaga murfinsa ta ƙarfe ce, ta roba tana ɓallewa. Kada a goge jikinsa da bilic mai ƙarfi a bar shi, yana huda ƙarfen da ƙananan ɗigon tsatsa; ruwan sabulu da shuɗin tsumma ya isa, a bi layin ƙarfen.

Kuskuren ƙirar shi ne an yi gidajen biyu daidai wa daida. Sharar gida ba haka take ba. Gorar roba da kwali da gwangwani ba su da nauyi amma suna cin wuri, gora biyar sun cika lita 15. Ragowar abinci kuwa kaɗan ce, mai nauyi, mai ruwa, kuma ita ce ke wari. Sakamakon haka gefen sake sarrafawa yana cika kafin azahar, abin da ya biyo baya duk ya faɗa ɗaya gefen, rabon ya tashi a banza. Kuma kashi uku ake buƙata: jiƙaƙƙen abu, busasshen abin da za a sake sarrafawa, da sauran tarkace. Mafita ita ce a ba ragowar abinci gida ɗaya, sauran tarkace gida ɗaya, a samo babban buhu ko kwali a ajiye gefe don gora da gwangwani da takarda. Gefen abinci a fitar da shi kullum ko bai cika ba. Ƙwan ƙuda yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya idan ana zafi, tsutsar da ake gani a gindin kwando daga nan take. A shimfiɗa tsohuwar takarda a ƙarƙashin leda ta tsotse abin da ya ɗiga, a wanke bokitan sau ɗaya a mako, a bar su su bushe kafin a sa sabuwar leda.

Abin da ke shiga buhun sake sarrafawa sai ya zama babu komai a ciki, an ɗauraye, ya bushe. Ba a buƙatar sabon ruwa, ragowar ruwan wanke-wanke ya isa. Gwangwani ɗaya mai sauran miya yana iya jiƙa takardun buhu gaba ɗaya, takarda mai maiƙo kuma masana'anta ba ta karɓa. A taka gora ta lotse, a buɗe kwali a shimfiɗe.

Lambar da ke cikin alamar kusurwa uku a gindin roba, wadda masana'antun roba na Amurka suka ɓullo da ita a 1988, nau'in robar take nunawa, ba alƙawari ba ne cewa za a sake sarrafa ta. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo, 2 ta jarkoki da gorar sabulu da bilic, kuma su biyun aka fi karɓa ko'ina. Lamba 5, irin ta robar ajiye abinci da bokitin nan kansa, ana karɓarta a wasu wurare. Su 3 da 6 da 7 da wuya. Leda mai laushi, lamba 4, tana naɗe injin tantancewa, don haka sai inda ake tara ta daban. Dokar ta bambanta daga wuri zuwa wuri, a tambayi masu kwashe shara abin da suke karɓa. Rahoton OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, na 2022 ya nuna kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Shi ya sa sayen sabulu mai kauri a babbar jarka, ana sirkawa a gorar feshi guda da ake ta maimaitawa, ya fi jefa gora goma a buhu amfani. Gwangwanin alminiyam kuwa kada a yar da ko ɗaya: narka tsoho yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da ake ƙonawa wajen yin sabo.

Akwai abubuwan da ba su da gida a kwandon nan ko kaɗan, kuma su ne ke raunata mutane. Fasasshen gilashi, reza da allura suna huda leda su shiga hannun mai ɗauka, ko na mai tsince shara a gaba. Gilashi a naɗe shi da takarda mai kauri a ɗaure, a gaya wa mai aiki. Allura da reza a tara su a gora mai tauri mai murfi. Tangaran da madubi da gilashin taga ba sa narkewa tare da kwalba, guntu ɗaya yana ɓata narkin. Batir, musamman na waya da na sigarin lantarki, yana kama wuta idan motar shara ta matse shi, sai a tara shi daban a kai inda ake karɓa. Tsumman jiƙa na goge jarirai da audugar mata a ɗaure su a leda su shiga gefen tarkace, ba masai ba, domin ba sa narkewa a ruwa, su ne ke toshe bututu. Man girki da aka gama da shi a bar shi ya huce, a juye a gora a rufe. Idan ya bi magudana daskarewa yake yi.

Idan ana sayar da kayan a rarrabe, a sayi tsumma mai kauri mai santimita 40, a ƙara kore. A sayi bokitin, mai tanki biyu in an samu, tare da kan mofa biyu na canji tun ranar, ɗaya na banɗaki. Kwandon kuwa, gidan da bai wuce mutum biyu ko uku ba zai iya maneji da shi. Gidan da ya fi haka, kwando mai feda guda ɗaya mai kyau da ƙaramin bokiti mai murfi na ragowar abinci da buhu a bayan ƙofa sun fi shi aiki.